Ƙabalu ya sauya gida: Shehu Ibrahim Inyass kamar yadda Maradi ta san shi

Baƙon da ya shiga masallacin unguwa a Maradi yau, ko a unguwar Zariya ne ko a Ali Ɗan Tsoho, ya ga saurayi ya ɗora dama kan hagu a ƙirji, kafin a sallame ya riga ya yanke masa hukunci a zuci: ɗan Izala ne. Sau da yawa kuma ya canka daidai. To amma da kakana, Allah ya jiƙansa, zai dawo ya ji wannan hukunci, da ya yi dariya har ya riƙe ciki. A zamaninsu wanda ya kama ƙirji a salla suna ɗaya gare shi, ɗan ƙabalu, watau almajirin Shehu Ibrahim Kaulaha. Su aka fara ja daga sahu saboda haka. Su aka fara ce wa sun zo da sabon addini, sun raina Imamu Malik, sun raina abin da suka tarar iyaye na yi. Kusan duk kalmar da ƴan ɗariƙa suka jefi ƴan Izala da ita a shekarun 1980 da 1990, an riga an jefi ƴan faila, watau mabiyan Shehu Ibrahim, da ita wajen shekara talatin kafin nan.

Na fara da wannan ne don abin da ya daɗe yana damuna game da mutumin. A garin nan da wuya ka wuni ba ka ga fuskarsa ba. Tana maƙale a bangon shagon tela, tana gaban babur ɗin ɗan kabu-kabu, tana wuyan yaro cikin ƙaramin gilashi. Da wuya kuma ka zauna majalisar da ake gardamar addini ba a ambace shi ba, ko da yabo ko da suka. Amma ka tambayi masu yabon da masu sukar, wane littafinsa ka karanta daga bango zuwa bango, sai a yi tsit. Malami ne da ya bar littattafai gommai, waƙa da zube, amma mu a nan hotonsa da rigimarsa muka fi sani.

An haife shi a 1900 a ƙauyen Taiba Nyasen, cikin ƙasar Salum ta Senegal. Mahaifinsa, Alhaji Abdullahi Inyass, babban malami ne kuma muƙaddamin Tijjaniyya, wanda zama da Faransawa ya gagare shi har ya yi ƙaura zuwa Gambiya kafin ya dawo ya zauna a Kaulaha. A gaban mahaifin nan Ibrahim ya yi karatunsa. Yana da kamar shekara ashirin ya rubuta Ruhul Adab, waƙa mai baiti 121 kan ladubban muridi, wadda har gobe ita ake fara ba sabon shiga a zawiyoyi da yawa. Da mahaifin ya rasu a 1922, halifanci bai zo hannunsa ba. Yayansa Muhammadu ne ya gaji gida, kamar yadda aka saba. Wannan ƙaramin batu ne a ido, amma ni ina ganin shi ne mabuɗin labarin duka: mutumin da ya girgiza Tijjaniyyar Afirka ta Yamma ƙane ne, ba magaji ba, kuma abokan hamayyarsa a Senegal ba su fasa yi wa gidansu gorin asali ba. Wanda aka yi wa gorin asali ya san ɗacinsa fiye da wanda ya ji labari.

A 1929 ya bayyana cewa shi ne ma'abocin faila. Kalmar daga Larabci take, faida, ambaliya. Tijjanawa sun daɗe suna riwaito cewa Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, ya yi bushara da wata ambaliya da za ta zo wa mabiyansa a lokacin da mutane ke cikin matsi, har a riƙa shiga ɗariƙar ƙungiya-ƙungiya. Malamai da dama kafin Ibrahim sun yi fatan a hannunsu za ta ɓullo. Shi bai tsaya ga fata ba, ya ce ta zo, kuma a hannunsa. Duba shekarar da kyau. A 1929 ne kasuwannin duniya suka rushe, farashin gyaɗa ya faɗi ƙasa warwas, Kaulaha kuwa garin gyaɗa ne, tashar da ake loda ta a jirgin ruwa zuwa Faransa. Bamaradi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan abin da faɗuwar gyaɗa ke yi wa gari, mun ga namu a shekarun fari na 1970. Ba ina cewa talauci ne ya haifi faila ba. Mai imani da ita zai ce alamar da aka faɗa ce ta cika, mai nazarin tarihi zai ce mutane a matse suke suna neman madafa, kuma maganganun biyu ba sa karo da juna. Abin da ya tabbata shi ne zama a unguwar mahaifinsa ya ƙi daɗi, ya fita da almajiransa zuwa gonakin Kosi, daga baya suka kafa Madina, wadda yau ake kira Madina Baye. Ba a daɗe ba sai ga malaman Idawa Ali na Muritaniya, gidan da Tijjaniyya ta biyo ta cikinsa ta shigo ƙasashen baƙar fata, suna zuwa suna durƙusawa gaban Bawolofe. A wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Me ya kawo wanda babu shi a da? Ba wuridi ba ne. Lazimi yana nan yadda yake, istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, safe da yamma. Wazifa tana nan da Salatul Fatihi hamsin da Jauharatul Kamali a ƙarshe, zikirin Juma'a bayan la'asar yana nan. Tijjaniyya ma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, tun zaman Alhaji Umaru Futi a Sakkwato a shekarun 1830 ake jin ta. Abin da ya kawo shi ne tarbiya, da kuma wanda ya ce ya cancanci a yi masa ita.

A tsohon tsari, ma'arifa, watau sanin Allah na ɗanɗano ba na hujja kaɗai ba, abu ne na ƙalilan. Sai mutum ya ƙare littattafai, ya yi shekaru yana hidimar shehi, ya shiga halwa, ya rame, sannan wataƙila a buɗe masa, wataƙila kuma ya mutu ba a buɗe ba. Akwai ma maganar da aka jingina wa Shehu Ahmadu Zarruƙ cewa tarbiya irin ta tsari ta yanke tun ƙarnoni da suka wuce. Littafin Kashiful Ilbas, wanda Shehu Ibrahim ya rubuta a farkon shekarun 1930, amsa ce ga wannan. Wanda ya buɗe shi yana jiran ya ga labaran karamomi zai sha mamaki, don galibinsa naƙali ne: ga abin da wane ya ce, ga abin da wane ya ce, daga manyan sufaye da malaman Tijjaniyya na farko, ana jera su kamar shaidu a gaban alƙali. Hujjar da yake ginawa ita ce ƙofar ba ta rufe ba, kuma neman sanin Allah ba ado ba ne da aka ware wa manya, bukata ce ta kowane musulmi. A aikace sai muƙaddami ya ba muridi wasu zikirori na musamman ya riƙa ja, yana bibiyar halinsa, yana yi masa tambayoyi, har ya kai ga abin da suke kira fana'i, inda yake daina ganin kansa da komai sai Allah, sannan a dawo da shi cikin mutane ya ci gaba da sana'arsa. Abin da a da ake lissafa shi da shekaru, a nan ana iya lissafa shi da makonni, wani lokaci kwanaki. Manomi ya samu, mahauci ya samu, matar aure ta samu, yaron da bai sauke Iziyya ba ya samu.

Duk ƙarfin faila daga nan yake, duk matsalarta ma daga nan take. Zan dawo kan matsalar.

Yadda abin ya iso gare mu, ta Kano ya biyo. A aikin hajjin 1937 Shehu Ibrahim ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero, sarkin ya sallama masa, ya gayyace shi. Amma sarki kaɗai ba ya kafa ɗariƙa a zukatan mutane. Waɗanda suka yi aikin su ne Salgawa, almajiran Malam Muhammadu Salga: Malam Tijjani Usman na Zangon Barebari, Shehu Abubakar Atiku na Sanka, Malam Sani Kafinga, Shehu Maihula. Manyan malaman fiƙihu ne da ba wanda zai ce da su jahilai, kuma da suka karɓi tarbiya a shekarun 1940 sai ɗalibansu suka bi su, ɗaliban nan kuwa daga ko'ina suke, har da wannan gefe na iyaka. Sarki Muhammadu Sanusi, ɗan Bayero, ya zama halifan Shehu a Najeriya. A yammacin Nijar kuma wata ƙofa ta buɗe a Kiyota, cikin ƙasar Zabarmawa, inda Shehu Abubakar Hashimu ya zama babban wakilinsa har ya auri ɗiyarsa Sayyada Ummul Hairi, wadda ake kira Mama Kiyota. Kiyota ce cibiyar faila ta ƙasa, kowa ya san taron mauludinta. To amma Maradi fuskarta kudu take kallo. Malaminmu a Kano ko Katsina ko Zariya ya yi karatu, ɗan kasuwarmu ta Ɗan Isa da Jibiya yake fita, rediyon da kakanninmu ke kamawa da azumi na Kaduna ne. Layin da Turawa suka ja bai taɓa hana littafi ko wuridi ƙetarewa ba, kamar yadda bai hana atamfa da man fetur ba.

Akwai abin dariya a tarihin garin nan da ba mu cika faɗa ba. Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya ga jihadin Shehu Usmanu ne suka kafa sarautar Maradi, Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da su, kuma an daɗe ana kallon yankin a matsayin matattarar bori da al'adun gargajiya. Garin da aka gina kan ƙin wani gyaran addini shi ne ya koma garin da kowane sabon gyara ke samun kasuwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Arzikin Maradi na ƙarni na ashirin ba na sarauta ba ne, na alhazai ne, mutanen da da yawansu suka fara da talla ko dillancin gyaɗa suka zama masu manyan motoci. Mutumin da ya yi kansa da kansa ba ya son addinin da zai ce masa tsaya a baya, kai ba ɗan gidan malamai ba ne. Faila ta ce masa matso, abin da waliyyai suka ɗanɗana kai ma za ka iya ɗanɗanawa ba tare da ka rufe shago ba. Ta kuma ba shi wani abu da ɗan kasuwa ya san darajarsa: duk garin da ya sauka, daga Kano zuwa Kumasi zuwa Fort Lami, akwai zawiyar da za a shimfiɗa farin ƙyalle da magariba, akwai ɗan'uwa a ɗariƙa da zai ba shi masauki, wataƙila har ya ba shi kaya bashi. Amanar da ake ginawa a da'irar wazifa tana aiki a kasuwa da safe.

Yanzu mu koma kan ƙabalu. Mutanen ƙasar nan Malikawa ne, kuma abin da suka gada daga Mudawwana da Muhtasar shi ne sakin hannu a farilla. Shehu Ibrahim ya ce hadisan kama hannu sun inganta, har a cikin Muwaɗɗa ta Malik kansa akwai su, don haka bin Annabi ya fi bin abin da aka saba. Ya rubuta littafi sukutum a kai, Raf'ul Malam. Ka saurari salon hujjar da kyau: hadisi ya inganta, al'adar malaman gari ba ta isa ta ture shi ba. Wa kake jin yana magana haka yau? Shi kansa Malam Salga, tun kafin faila ta zo, rigimarsa da malaman Madabo a Kano kan al'adun mutuwa ce, irin tarukan sadaka da bidi'o'in da ake haɗawa da jana'iza. Da aka yi ta gardama ko ya halatta a sa karatun Alƙur'ani a rediyo, Shehu Ibrahim yana cikin waɗanda suka rubuta cewa ya halatta. Ya karantar da ƴaƴansa mata har suka zama malamai masu makarantu da rubuce-rubuce, irin su Sayyada Ruƙayya da Sayyada Maryam, ya kuma naɗa mata muƙaddamai. Da babban limamin Katolika na Dakar, Lefebvre, ya yi rubutun ɓata Musulunci gab da samun ƴancin kai, Shehu ya mayar masa da martani da ɗan littafin da ya ce Afirka ta ƴan Afirka ce. Ya yi hulɗa da Nkrumah da Jamal Abdul Nasir, ya je Azhar an karrama shi, kuma yana cikin waɗanda aka kafa Rabiɗa da su a Makka a 1962, ƙungiyar Musulmin duniya da yau wasu almajiransa ke kallo a matsayin gidan Wahabiyawa. A ma'aunin zamaninsa mutumin nan ɗan gyara ne, mai tayar da ƙura, kuma tsofaffin malamai da sarakuna sun ɗauke shi haka. A lardin Sakkwato har rushe masallatan Tijjanawa aka yi a ƙarshen shekarun 1940, aka kuma yi tarzoma a shekarun 1950. Faransawa ma a nan gefen ba su saki jiki da mutanensa ba, don duk abin da ke ƙetare iyaka ba da izininsu ba yana hana su barci.

Sai ga Izala. Shehu Abubakar Gumi ya fitar da littafinsa na aƙida a 1972 yana sukar ɗariƙu, Malam Isma'ila Idris ya kafa ƙungiyar a Jos a 1978. A Nijar mulkin Kunce ya ɗaure harkar addini cikin ƙungiya guda ta gwamnati tun 1974, don haka abin ya yi ta tafiya a kaset da zaure, har Taron Ƙasa na 1991 ya saki mara. Da aka saki, Maradi ce ta zama babbar cibiyarta, kuma kuɗin alhazai ne ya gina masallatanta da makarantunta. Abin da nake so a lura da shi shi ne waɗanda suka amsa kiran. Ƴaƴa da jikokin mutanen da faila ta ja ne, ƴan kasuwa, matasa, masu neman addinin da ba sai sun bi ta hannun mai gado ba. A gidanmu haka aka yi: kakana ɗan wazifa, ƙanen mahaifina ya dawo daga Kaduna da gemu da kaset, suka yi shekara biyu gaisuwa kawai ke haɗa su. Kowannensu a lokacin ƙuruciyarsa ya tsaya gaban babba ya ce abin da kuke yi ba shi ne sunna ba. Faila ta ce wa talaka kana iya sanin Allah da zuciyarka, Izala ta ce masa kana iya karanta hujja da idonka, ta ƙara masa da cewa ba dole ka tsiyata kanka wajen biki da suna da sadakar arba'in ba, wanda ga mai tara jari magana ce mai daɗin ji.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba ina cewa saɓanin wasa ne ba, ko duk abu ɗaya ne. Tambayar ko ana iya ganin Annabi a farke a karɓi wuridi daga gare shi, da falalar da ake ba Salatul Fatihi, da tawassuli da waliyyai, da irin miƙa wuyan da muridi ke yi wa shehi, waɗannan saɓani ne na aƙida na gaske, kuma mai cewa a share su don a zauna lafiya bai girmama ko ɗaya daga ɓangarorin ba. Abin da nake ƙi shi ne labarin da aka sauƙaƙa, wai gefe ɗaya tsohon yayi ne mai riƙe da gargajiya, ɗayan kuma sabon haske. Wanda ya san abin da ƴan ƙabalu suka sha ba zai sayi wannan labari ba.

Matsalar da na ce zan dawo kanta ita ce ta ƴan haƙiƙa. Tsofaffin Maradi suna ba da labarin ambaliyar 1945, lokacin da Gulbi ya cinye tsohon gari har aka hau tudu aka sake gini. Ruwan da ke kwantar da taki a fadama shi ne ke rushe katanga, ba ya tambayar gonar wa ce. Idan ka ce fana'i na kowa ne, ka kuma ba dubban muƙaddamai izinin yin tarbiya, su ma su ba wasu, dole wata rana a sami wanda aka shigar ba a fitar da shi ba, ko wanda bai shiga ba ma sam, ya dai haddace kalmomin. Daga nan ake samun mai cewa komai Allah ne, mai cewa ya wuce matsayin salla, mai ɗaga Shehu sama da inda shi bai taɓa ajiye kansa ba. A Kano an kai irin waɗannan maganganu gaban kotun shari'a a 2015 da 2020, manyan Tijjaniyya kuma suka fito suka barranta da su. Masu suka na cewa ga ƴaƴan itacen, a duba bishiyar. Masu kare shi na cewa ba ruwansa. A ganina dukkansu sun faɗi rabin gaskiya. Wanda ya karanta wasiƙunsa da Shehu Ahmadu Abul Fathi na Maiduguri ya tattara a Jawahirur Rasa'il zai ga mutum mai nanata salla cikin jam'i, da kiyaye shari'a, da ɓoye abin da aka gani a halin fana'i, mai yin kashedi ga masu da'awa. Bai koyar da barin salla ba, wannan a fili yake. Amma kuma shi ya buɗe ƙofar da faɗi haka, kuma kashedin da ya yi ta yi shaida ne cewa tun yana raye ya ga abin da ke shigowa ta cikinta. Malaman da suka karɓa daga hannunsa sun riga sun ƙoshi da fiƙihu kafin su sha. Wanda ya sha da yunwa, dole ta juya masa kai.

A nan ne maganar littattafai ta zama babba, kuma a nan nake ganin almajiransa na ƙasar Hausa suna da bashi a wuyansu. Shehu da Larabci ya yi rubutu, Larabci kuwa mai nauyi. Diwaninsa, waƙoƙin begen Annabi da aka tara wuri guda, shi ne abin da ya fi shiga jinin mutane. Ka bi ta wata unguwa daren Juma'a ka ji matasa sun haɗa murya suna rera shi, ko kai ba ɗan ɗariƙa ba ne sai tsigar jikinka ta tashi. Amma cikin masu rerawar nawa ne za su fassara maka baiti uku a jere? Tafsirinsa da aka naɗa aka mayar rubutu, Fi Riyadit Tafsir, mujalladai ne da sai wanda ya yi nisa. Ɗan lakwal ɗinmu Faransanci ya koya, ɗan makarantar allo ya iya karanta baƙi bai san ma'ana ba. A gefe guda Gumi ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa tun ƙarshen shekarun 1970, wa'azin Izala da Hausar kasuwa ake yin sa, ƙananan littattafanta da boko ake buga su a sayar da arha. Tijjanawa sun mayar da martani da baki, kuma sun iya, tafsirin Shehu Ɗahiru Bauchi a rediyon Kaduna ya riƙe mutane da yawa da da sun tafi. To amma baki yana kare Shehu ne, ba ya maye gurbin karanta shi. Sakamakon shi ne muridi na gari ya san karamomin Barhama, kamar yadda suke kiran Shehu, har ɗari, ya san labarin hotonsa da aka ce ya bayyana a bango, bai san hujjar da ya kafa a babi na farko na Kashif ba. Mai sukarsa kuma ya san jimloli biyar da aka tsinto aka yaɗa a WhatsApp, bai san abin da ke gabansu da bayansu ba. Gardamar da ake yi a rumfunan shayi tsakanin waɗannan biyu gardama ce kan mutumin da ba ya wurin.

Ya rasu a wani asibiti a Landan ranar 27 ga Yuli 1975, aka kai shi Madina Baye aka rufe. Gumi ma a Landan ya cika, a 1992, abin da nakan tuna duk lokacin da na ji ɓangare ɗaya na yi wa ɗayan gorin Turawa. Limancin masallacin Madina Baye ya koma hannun Shehu Aliyu Sise, babban almajirinsa kuma surukinsa, daga shi sai jikan Shehu, Hasan Sise, wanda ya kai failar har cikin baƙaƙen fatar Amurka kafin ya rasu a 2008. A can an fassara Kashif zuwa Turanci, ana karantar da shi a jami'o'i. Mu da muka fi kowa yawan mabiyansa, mu Hausawa, galibin fassararmu ta zaure ce, malam ya karanta ya fassara da baki, a tashi ta bi iska, sai wanda ya yi dabarar naɗa a waya.

Wani abu yana canzawa, ko da yake a hankali. Makarantun Faransanci da Larabci sun yawaita, jami'ar Musulunci ta Sayi ta yi shekaru tana yaye ɗalibai, wasu kuma suna dawowa daga Azhar da Madina da Kaulaha kanta. A karon farko akwai matasa da yawa a ɓangarorin biyu da za su iya buɗe littafin su karanta da kansu. Na zauna da wasu daga cikinsu, kuma gardamarsu daban take da ta rumfar shayi: ta fi zafi a kan mas'ala, ta fi sanyi a kan mutum. Wani ɗan Izala da ya karanta Raf'ul Malam ya ce mini, cikin jin haushi kaɗan, hujjojin da yake ba ɗalibansa kan kama hannu kusan duk suna ciki.

Kwanan baya na tsaya wurin wani mai sayar da littattafan addini a babbar kasuwa, dattijo ne da na sani tun ina yaro. Na ce, Baba, cikin littattafan Shehu wanne ya fi tafiya? Ya ce Diwani, ba ya kwana, musamman gab da Rajab da watan Mauludi. Ruhul Adab ma yara na saye don makaranta. Na ce Kashif fa? Ya miƙa hannu can saman kanta ya sauko da kwafi biyu, ya buga su a gwiwa ƙura ta tashi. Ya ce tun kafin azumin bara suke nan, ɗaya ma wani ya ba da rabin kuɗi ya ce zai dawo. Hotunan kuwa, manya da ƙanana, masu gilashi da na liƙawa a babur, yaronsa ne ke zaune da su a bakin ƙofa, don shi ya ce ba ya iya tashi kowane minti yana ba da canji.